Likitocin Brookhaven da mutanen Rongelap: wa ake dubawa, kuma don wa?

Da asubahin ranar 1 ga Maris, 1954, Amurka ta tayar da bam mafi ƙarfi a tarihin gwaje-gwajenta a tsibiran Bikini, cikin ƙasar da a yau ake kira Tsibiran Marshall, can tsakiyar tekun Pasifik. Sunan gwajin Bravo. Masana sun yi lissafin ƙarfinsa zai tsaya wajen megatan 6 (megatan ɗaya shi ne ƙarfin tan miliyan ɗaya na nakiya), sai ga shi ya kai 15, wato kusan ninki dubu na wanda aka jefa wa Hiroshima. Bam ɗin ya niƙe dutsen murjanin da ke ƙarƙashinsa ya yi sama da shi, iska kuma ta kwashi garin ta yi gabas, inda mutane suke zaune.

Bayan 'yan sa'o'i farar toka ta fara zuba a Rongelap, mai nisan kilomita kusan 150 daga Bikini. Ta rufe ƙasa, ta faɗa cikin tankunan ruwan sama da ake sha, ta manne a kan mutanen da suka shafa man kwakwa a gashinsu. Babu wanda ya ce musu kada su taɓa, don haka yara suka yi ta wasa a ciki. Kafin gari ya waye amai da ƙaiƙayi sun fara. Mutum 64 ne a Rongelap a ranar, wasu 18 kuma sun tafi Ailinginae da ke kusa. Sai bayan kwana 2 aka zo kwashe su, alhali sojojin Amurka 28 masu duba yanayi a tsibirin Rongerik an riga an fitar da su tun kafin nan. Mutanen Utirik, su sama da 150, da ke can gaba, sai a kwana na 3. Abin da ya fi ci wa mutanen Rongelap rai har yau shi ne, a 1946, da za a gwada bama-baman da ba su kama ƙafar Bravo ba, an kwashe su tun kafin a tayar. A 1954 kuwa an bar su a gida.

Daga nan ne aka fara aikin duba lafiyar da ya shafe sama da shekara 70 yana gudana. Mutum zai iya ba da labarinsa ta fuska biyu, ko a ce likitoci ne suka yi ta ɗawainiya da marasa lafiya, ko a ce masu bincike ne suka samu zakarun gwajin dafi. Kowace fuska tana da hujjojinta, kuma ni a ganina wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya bai fahimci abin ba. Matsalar tana cikin ginin shirin ne tun daga tushe: an kafa shi don amsa tambayar mai awo, wato me tururin nukiliya ke yi wa jikin ɗan Adam, sannan jerin sunayen da aka rubuta cikin gaggawa a watan Maris na 1954 shi ya zama iyakar wanda doka ta sani a matsayin wanda abin ya shafa.

A sansanin soja na Kwajalein aka sauke su. Cikin kusan mako guda aka kafa abin da aka kira Shiri na 4.1, ƙarƙashin Dakta Eugene Cronkite, aka kuma sa shi cikin jerin ayyukan sirri na gwajin makaman. Taken shirin da kansa ya bayyana manufarsa, don cewa ya yi nazari ne kan yadda jikin mutane ke amsa tururin da ya fito daga ƙurar manyan makamai. An ba kowa lamba, an ɗauki hotonsa riƙe da ita, ana ɗibar jini da fitsari a kai a kai. An ƙiyasta mutanen Rongelap sun sha rad 175 (rad shi ne ma'aunin tururin da jiki ya sha) a dukkan jiki, na Ailinginae 69, na Utirik 14. Don a gane nauyin abin, wajen rad 400 zuwa 450 kan kashe rabin waɗanda suka sha shi idan ba su samu magani ba. Fatar mutanen Rongelap ta ƙone, musamman a wuya da tsakanin yatsun ƙafa inda tokar ta maƙale, gashi ya zube, ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta suka ragu sosai. Babu wanda ya mutu a makonnin farko, ƙunar ta warke, gashi ya dawo, sai aka ɗauka mafi munin abin ya wuce.

Daga 1956 aikin ya koma hannun ɗakin bincike na Brookhaven da ke New York, da kuɗin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Amurka, wato hukumar da ke da alhakin gwajin bama-baman a lokacin. Dakta Robert Conard ya jagorance shi har zuwa 1979. Tsarin shi ne jirgin ruwa ya zo sau ɗaya a shekara da tawagar likitoci, a yi 'yan kwanaki ana awo, a koma. Bayanan da suka fito an buga su da Turanci a mujallun likitoci. Su kuwa masu jinin, yawancinsu ba a zaunar da su an faɗa musu cikin harshensu abin da aka gani ba.

Mutanen Utirik an mayar da su gida bayan wata 3 kacal. Na Rongelap sun yi shekara 3 a wani ɗan tsibiri kusa da Majuro, babban birnin ƙasar a yau, aka mayar da su a 1957 ba tare da an share ƙasarsu ba. Tare da su aka koma da danginsu da ba sa gida ranar Bravo, kuma waɗannan dangi su aka mayar rukunin kwatance: a auna wanda toka ta zuba masa, a auna wanda ba ta zuba masa ba, bambancin da aka gani shi ne aikin tururi. A takarda abin ya yi daidai. A ƙasa kuwa rukunonin biyu tukunya ɗaya suke ci, a kan ƙasar da har yanzu ke ɗauke da guba. Duk cutar da zaman wurin ya jawo za ta bayyana a ɓangarorin biyu, sai bambancin ya ragu, sai a rubuta cewa ba a ga wani abin damuwa ba. Rahoton Brookhaven na wancan lokaci ma bai ɓoye ba, ya ce zaman mutanen a tsibirin zai samar da bayanai masu matuƙar daraja game da tasirin tururi a kan ɗan Adam. Kafin nan, a wani taron hukumar a 1956, wani jami'inta mai suna Merril Eisenbud ya yi magana kan amfanin nazarin mutanen Utirik, yana cewa ko da yake ba sa rayuwa irin ta mutanen Yamma, ai sun fi ɓeraye kama da su. Duk wanda ke mamakin yadda yarda ta mutu tsakanin mutanen tsibiran da likitocin, ya tuna an rubuta waɗannan kalamai, kuma daga baya mutanen sun karanta su.

Yadda gubar ke shiga jiki bayan an koma gida ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ginshiƙin duk rigimar komawa Rongelap da Bikini. Cikin abubuwan da bam ke bari akwai siziyom-137, wanda sai bayan shekara 30 rabinsa ke lalacewa, bayan wasu 30 kuma rabin abin da ya rage. A wajen tsiro, siziyom kamarsa ɗaya da fotasiyom, sinadarin nan da ke cikin takin zamani. Ƙasar murjani kuwa ba ta da wadatar fotasiyom, don haka bishiyar kwakwa da sauran itatuwan abinci sukan zuƙi siziyom a madadinsa su kai shi cikin 'ya'yansu. Mutum ya sha ruwan kwakwa, ya ci namanta, siziyom ya bazu a tsokarsa. Wata babbar ƙaguwa mai cin kwakwa, wadda mutanen ke ji da ita, an hana cinta saboda sinadarin sitrontiyom-90 da ke taruwa a jikinta. Ka ga ke nan an mayar da mutum gidansa, an kuma ce abincin gidan ya kiyaye shi, ya jira shinkafa da naman gwangwani da jirgi zai kawo, jirgin da kan yi watanni bai zo ba.

Babban abin da awon shekara-shekara ya gano, kuma ya makara wajen ganowa, shi ne lalacewar tayirod, wato ƙullin nan na gaban wuya wanda in ya kumbura ake cewa maƙoƙo. Aikinsa tara sinadarin aidin don haɗa abin da ke tafiyar da girman jiki. Ƙurar Bravo tana ɗauke da aidin mai tururi, wanda ba ya daɗewa, cikin 'yan makonni ya ƙare, amma a ɗan wannan lokaci duk wanda ya shiga jiki ta ruwa da abinci wuya yake nufa. Tayirod ɗin yaro ƙarami ne, saboda haka abin da ya sha ya ninka na babba sau da yawa. Likitocin farko sun raina wannan haɗari. Sun ga wasu yara maza biyu sun tsaya ba sa girma, amma gwajin jinin da ake yi a lokacin ya nuna musu komai lafiya, ashe jinin mutanen Marshall yana da wani nau'in aidin mai yawa da ya rufe gaskiyar abin. Sai a 1963, shekara 9 bayan Bravo, aka taɓa ƙulli na farko a wuyan wata yarinya. Daga nan suka yi ta fitowa. Mafi yawan yaran da ba su kai shekara 10 ba ranar da tokar ta zuba a Rongelap sun samu matsalar tayirod. A 1965 aka fara ba mutanen ƙwayar maganin da ke maye gurbin aikinsa, aka kuma riƙa kai su Amurka, musamman Cleveland, ana yi musu tiyata, wanda aka cire wa kuwa shi da ƙwaya har ƙarshen rayuwa. Daga baya kansar tayirod ta ɓulla har a Utirik, inda aka ce abin da suka sha kaɗan ne.

A nan dole a yi wa shirin adalci. Ba don awon ba, da wasu daga cikin waɗannan ƙulle-ƙulle sun zama ajali, kuma abin da duniya ta sani game da haɗarin aidin mai tururi ga yara, wanda ya yi amfani bayan hatsarin Chernobyl a 1986, wani ɓangarensa daga wuyan yaran Rongelap aka koya. Sai dai fa ilimin ya tafi duniya, su kuma an bar su da tabon wuƙa.

A 1972 Lekoj Anjain ya rasu a asibitin gwamnatin Amurka da ke Bethesda, yana da shekara 19, da kansar jini. Shekararsa ɗaya ranar Bravo, kuma mahaifinsa John Anjain shi ne shugaban Rongelap a lokacin. Rasuwar ta zo ne a daidai lokacin da haƙuri ya ƙare. A ƙarshen 1971 wani ɗan majalisar yankin, Ataji Balos, ya gayyato likitoci daga Japan don su duba mutanen da idon da ba na Amurka ba, hukumomin Amurka masu mulkin yankin suka hana su isa Rongelap. Mutanen su ma suka ƙi tsayawa a duba su da tawagar Brookhaven ta zo. Koke-kokensu ba masu wuyar ganewa ba ne. Mai ciwon sukari ko ciwon ido ya zo, a ce wannan ba ya cikin aikin. Yaron da aka haifa bayan 1954 ba ya cikin lissafi. Mata sun yi ta ba da labarin ɓari da haihuwar abin da ba shi da siffar mutum, rahotannin likitocin sun yarda an samu ƙarin ɓari a shekarun farko, amma ba a taɓa bin zancen da irin naciyar da aka bi jini da tayirod ba. Mata irin su Darlene Keju da Lijon Eknilang ne suka kai maganar gaban duniya da bakinsu, ta biyun har gaban Kotun Duniya a 1995.

Bikini ta ƙara dagula lamarin. A 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya sanar cewa mutanenta, da aka kwashe tun 1946 saboda gwaje-gwajen, suna iya komawa, wasu iyalai suka koma, sai awon jiki ya nuna siziyom na hauhawa a jikinsu, aka sake kwashe su a 1978. A nan awon ya yi aikinsa, ya kama haɗarin, amma ta jikin mutanen da aka ce musu babu komai. Da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar da wani ɗan littafi cikin harshen Marshall a 1982, mai taswirar da ke nuna yawan gubar kowane tsibiri, mutanen Rongelap suka ga wasu tsibiransu na arewa suna kafaɗa da kafaɗa da Bikini. Suka nemi a kwashe su, Amurka ta ce babu dalili. A watan Mayun 1985 jirgin ƙungiyar Greenpeace, Rainbow Warrior, ya kwashi mutum kusan 300 da kayan gidajensu ya kai su Mejatto, wani tsibiri a Kwajalein, bisa roƙon sanatansu Jeton Anjain. 

To, shin da gangan aka bar tokar ta zuba musu? Da yawa daga mutanen Marshall sun yi imani da haka, suna kafa hujja da cewa an ga iska ta fara juyawa sa'o'i kafin a tayar da bam ɗin. Kwamitin da Shugaba Bill Clinton ya kafa don binciken gwaje-gwajen tururi a kan mutane ya ce a rahotonsa na 1995 bai samu shaidar ganganci ba. Amma ya tabbatar an cakuɗa magani da bincike, an kuma yi wa wasu allurar sinadarai masu tururi don gwajin da ba shi da wani amfani ga lafiyarsu. Ni dai ina ganin rigimar ganganci, duk da zafinta, tana janye hankali daga abin da ba ya buƙatar wata takardar sirri kafin a tabbatar da shi, wato zancen iyaka.

Amurka ta yi gwaji 67 a Tsibiran Marshall tsakanin 1946 da 1958, amma shirin likitocin an gina shi ne a kan gwaji ɗaya da al'umma biyu. A Ailuk, da ke kudu da Utirik, mutum kimanin 400 ne tokar Bravo ta same su, ba a kwashe su ba, don haka ba su shiga jerin ba, don haka babu jirgin likitocin da ya bi su. Wanda ba a auna ba kuwa babu bayanai a kansa, in babu bayanai sai a ce babu shaidar cewa wani abu ya same shi. A 1987 wani likita, Thomas Hamilton, ya buga sakamakon duba wuyan mutum sama da 7,000 a tsibirai 14, ya nuna ƙullin tayirod yana ƙaruwa gwargwadon kusancin wuri da Bikini, har a wuraren da ake ɗauka tsarkakakku ne. Binciken da aka yi daga baya da na'urar hoton ciki bai ga alaƙar da ƙarfin da shi ya gani ba, masana kuma sun yi ta ja a kai. Cibiyar Kansa ta Amurka ta yi nata lissafin sau biyu: a 2004 ta ce ƙarin kansar da gwaje-gwajen za su jawo ya kai wajen 500, a 2010 ta sauko da shi zuwa kusan 170 cikin mutum sama da 25,000. A lissafi na biyun, kashi 55 cikin 100 na kansar mutanen Rongelap tururi ne sanadinta, a Utirik kashi 10, a tsibiran kudu ƙasa da kashi 1. Wasu na kafa hujja da wannan su ce ai iyakar da aka ja daidai take. Amma a sake duba alkaluman. Mutanen Rongelap da Utirik na ranar Bravo duka ba su kai 300 ba, saboda haka ko a wannan lissafi mai rangwame, mafi yawan waɗannan 170 suna cikin dubban da ke wajen jerin ne, inda haɗarin kowane mutum ƙarami ne amma jama'ar na da yawa.

Wannan shi ne wuyar sha'anin kansa. Ba ta zuwa da tambari a jikinta da zai nuna bam ne ya kawo ta. Likita zai iya cewa cikin mutum dubu an samu ƙarin kaza, ba zai iya nuna mutum ɗaya ya ce wannan ne ba. Shi ya sa Kotun Diyyar Nukiliya, da aka kafa bayan yarjejeniyar 1986 da Amurka, wadda ta ba ƙasar 'yancin kanta, ta bi hanyar da ta fi hankali: ta jera cututtuka, ta ce duk wanda ke zaune a ƙasar lokacin gwaje-gwajen ya kamu da ɗaya daga ciki, za a ɗauka tururi ne. Sai dai asusun da Amurka ta ajiye dala miliyan 150 ne, a matsayin biya na ƙarshe. Hukunce-hukuncen kotun, in an haɗa da na asarar ƙasa, sun haura dala biliyan 2. Kuɗin ya ƙare, mutane da yawa sun mutu ba su karɓi cikon haƙƙinsu ba. Ƙasar ta kai koke Majalisar Dokokin Amurka a 2000 tana cewa sabbin bayanai sun sauya lamarin, gwamnatin Amurka ta ce ba ta ga dalilin ƙari ba, a 2010 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar mutanen Bikini da Enewetak, ɗayan wurin da aka yi gwaje-gwajen.

Yarjejeniyar ta kuma kafa shirin lafiya na biyu don tsibirai 4, Bikini da Enewetak da Rongelap da Utirik, da dala miliyan 2 a shekara. Da yake a can ana gadon ƙasa ta wajen uwa, dangantaka kuma ta sarƙe ko'ina, masu rajista suka haura 10,000, kuɗin da ke kan kowane mutum ya zama bai taka kara ya karya ba. Abin da shirin ke iya yi bai wuce na ƙaramin asibitin unguwa ba. Mai kansa kuwa, a ƙasar da aka tayar da bam 67, sai an tura shi Hawai ko Filifin ko Taiwan, in kwamitin tura marasa lafiya ya amince kuma akwai kuɗi.

Brookhaven ya bar aikin a 1998, Ma'aikatar Makamashi ta ci gaba da shi ta hannun wasu cibiyoyi, kuma an samu gyara na gaske: akwai likitoci a ƙasar duk shekara, ana kuma ba mutum sakamakonsa. Ɗakin bincike na Lawrence Livermore ya girka na'urorin auna siziyom a Majuro da Enewetak da Rongelap, 'yan ƙasar da aka horar ne ke sarrafa su. Mutum zai zauna a kujera na 'yan mintoci, na'ura ta ƙirga tururin da ke fita daga jikinsa, a miƙa masa takarda. Masanan sun kuma nuna cewa zuba takin fotasiyom a gindin kwakwa yana rage siziyom ɗin da take zuƙa sosai. A 1996 Amurka ta ware dala miliyan 45 don sake tsugunar da Rongelap, an kankare ƙasar wurin gidaje, an yi gine-gine, alkaluman awo kuma sun ce babban tsibirin ya zaunu. Mafi yawan mutanen ba su koma ba. Wasu jami'ai na kallon hakan a matsayin tsoron da ba shi da tushe a kimiyya, amma al'ummar da aka ce mata ta koma a 1957, ta kuma ga abin da ya sami maƙwabtanta na Bikini a 1978, tana da nata alkaluman, ga kuma masu binciken Jami'ar Columbia da suka buga awonsu a 2019 suna nuna guba mai yawa a Naen, ɗaya daga tsibiran arewacin Rongelap inda a da ake zuwa ɗibar abinci.

A 2023 ƙasashen biyu suka sabunta yarjejeniyarsu, da dala biliyan 2.3 cikin shekara 20, ciki har da asusun dala miliyan 700 da gwamnatin Marshall ta ce za ta iya amfani da shi don waɗanda gwaje-gwajen suka shafa. Amurka dai ba ta sauya matsayinta ba cewa batun diyyar nukiliya an rufe shi tun 1986. Shirin likitoci na musamman kuma har yanzu na mutanen jerin 1954 ne da ragowar rukunin kwatancensu, mafi ƙuruciyarsu, waɗanda ke ciki ranar Bravo, sun haura shekara 70, kuma dokar da ta kafa shi ba ta sa 'ya'yansu da jikokinsu a ciki ba.